Saƙon girma da ƙarin ƙwaƙwalwa: abin da aka gano, da abin da ya amfani majinyaci

Ƙwayar jikin ɗan Adam ba ta rabuwa biyu don ganin damarta. Sai an aiko mata izini daga waje, kuma izinin yakan zo ne a siffar wasu ƙananan furotin da ake kira sinadaran girma. Wata ƙwayar ce ke fitar da su, su bi ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi har su tarar da wani furotin da ke kafe a fatar ƙwayar da aka nufa. Wannan furotin shi ne makarɓi. A jikin mutum akwai makarɓa 58 na rukunin da ake kira masu kinas na tirozin, an kasa su zuwa dangi 20, amma kaɗan daga cikinsu ne ke da hannu dumu-dumu a ƙarin ƙwaƙwalwa: EGFR, PDGFR, MET, FGFR, sai VEGFR da ke jikin jijiyoyin jini. Binciken shekaru arba'in a wannan fage ya taru ne a kan tambaya guda: me ke sa ƙwaya ta ci gaba da jin umarnin girma alhali babu wanda ya aiko shi, kuma yaya za a yanke wannan umarni ba tare da an cutar da lafiyayyun ƙwayoyi ba?

A farkon shekarun 1950 Rita Levi-Montalcini, ƴar Italiya da ke aiki a Amurka, ta gano sinadarin da ke sa jijiyoyi tsiro. Abokin aikinta Stanley Cohen yana tace wannan sinadari daga maɓuɓɓugar yawun ɓera sai ya lura da wani abu dabam. Idan aka yi wa jarirran ɓeraye allurar ruwan da bai gama tacewa ba, idanunsu kan buɗe tun suna kwana 7, maimakon kwana 12 zuwa 14 da aka saba, haƙoransu kuma su fito da wuri. A 1962 ya ware abin da ke yin wannan aiki, wani ƙaramin furotin da daga baya aka ƙirga tubalansa na amino 53, aka raɗa masa suna EGF saboda yana sa ƙwayoyin fata yaɗuwa. Su biyun aka ba lambar Nobel a 1986.

Makarɓin EGF, wato EGFR, kashi uku ne: kai a waje, gajeren wuya da ya ratsa fatar ƙwaya, da gindi a ciki mai ɗauke da kinas. Aikin kinas shi ne ya ɗauko fosfat daga ATP, ma'ajiyar ƙarfin ƙwaya, ya liƙa shi a jikin wani furotin. Lamarin ya yi kama da baƙo da mai zaman zaure: baƙo kan tsaya a ƙofa ya yi sallama, wanda ke zaure ne ke kai labarinsa cikin gida. Sinadarin girma ma ba sai ya shiga ƙwaya ba. Da ya sauka a kan makarɓi sai makarɓin ya sauya siffa ya manne da ɗan'uwansa, su zama biyu-biyu. Kinas ɗin ɗaya ya tayar da na ɗayan, fosfat ya hau wutsiyoyinsu a wuraren da tubalin tirozin yake, waɗannan wurare kuma su zama mazaunin da furotin na cikin ƙwaya ke zuwa su kama.

Daga nan saƙon ya rabu hanyoyi, biyu daga cikinsu sun fi muhimmanci. Ta farko tana farawa da RAS, shi ya tayar da RAF, RAF ya tayar da MEK, MEK ya tayar da ERK, wanda ke shiga cibiyar ƙwaya ya kunna umarnan gado masu sa ta rabu. Umarnin gado guntun DNA ne da ke ɗauke da tsarin ƙera furotin guda. Hanya ta biyu tana farawa da PI3K, wanda ke ɗora fosfat a kan wani kitse na fatar ƙwaya ya mai da shi PIP3. Wannan kitse ke jawo AKT, shi kuma ya tayar da mTOR. Wannan hanya ce ke sa ƙwaya ta sha sukari da yawa, ta ƙera furotin, ta yi ƙiba, kuma ta ƙi mutuwa ko da ta lalace. A lafiyayyen jiki saƙon ba ya daɗewa. Ƙwaya kan haɗiye makarɓin da ya gama aiki ta narkar da shi. Furotin PTEN kan cire fosfat daga PIP3 ya kashe hanya ta biyu, furotin da umarnin NF1 ke ƙerawa kuma kan kwantar da RAS ya kashe ta farko. Duk wanda zai fahimci ƙarin ƙwaƙwalwa sai ya riƙe waɗannan masu kashewa biyu a ransa, domin rashinsu yana yin ɓarna daidai da lalacewar makarɓin kansa.

Ƙwayoyin jijiya na baligi ba sa rabuwa, saboda haka ba su cika zama tushen ƙari ba. Masu zama tushen su ne ƙwayoyin tallafi da ake kira giliya, musamman matasansu da ba su gama nuna ba, waɗanda dama rayuwarsu ta dogara da EGF da PDGF. Ƙarin da ke fitowa daga gare su shi ne giliyoma, kuma ana ba shi mataki daga 1 zuwa 4. Na mataki na 4 da ya fi yawa a tsakanin manya shi ne giliyobilastoma. A Amurka yana kama kusan mutum 3 cikin 100,000 a shekara, yawanci masu shekara sittin da ɗoriya.

Alaƙar makarɓa da sankara ta bayyana ne ta hanyar ƙwayoyin cuta na dabbobi. A 1983 aka gano cewa umarnin da wani bairos ke amfani da shi ya haddasa sankara a jikin biri kwafi ne na PDGF. A 1984 Julian Downward da Michael Waterfield a Landan suka nuna cewa umarnin wani bairos mai sa kaji sankarar jini ba komai ba ne face EGFR da aka datse wa kai. Shekara guda bayan haka, a 1985, ƙungiyar Joseph Schlessinger ta ba da rahoton cewa a naman giliyobilastoma da aka ciro daga mutane umarnin EGFR ya ninku fiye da kima.

Wannan ninkuwa ita ce hanya ta farko da tsarin ke lalacewa. Lafiyayyar ƙwaya tana da kwafi biyu na umarnin EGFR, a kan kuromozom na 7. A kusan kashi 40 cikin 100 na giliyobilastoma kwafin kan kai gommai, fatar ƙwaya ta cika da makarɓa har su riƙa cin karo da juna suna mannewa da ɗan sinadarin da bai taka kara ya karya ba. Yawancin waɗannan kwafi ba su ma zaune a kan kuromozom. Suna yawo ne a cibiyar ƙwaya a siffar ƙananan zobba na DNA, kuma idan ƙwaya ta rabu ba a raba zobban daidai: wata ƴa ta kwashi da yawa, wata ta samu kaɗan. Wannan rashin daidaito zai sake fitowa a maganar magani.

Hanya ta biyu ita ce lalacewar makarɓin kansa. Kusan rabin ƙarin da EGFR ya ninku a cikinsu suna ɗauke da wani nakasasshen nau'i mai suna EGFRvIII, wanda tubalan amino 267 suka ɓace daga kansa na waje. Ba ya iya kama EGF ko kaɗan, amma kinas ɗinsa a kunne yake dare da rana. Saƙonsa ba shi da ƙarfi sosai, kuma abin da ke ba shi kariya ke nan, domin ƙwaya ba ta cika haɗiye shi ta narkar ba. Mai zaure ne da ke ta shiga gida yana cewa ana sallama alhali babu kowa a ƙofa. Ƙwayoyin da ke ɗauke da shi suna kuma fitar da sinadarai irin su IL-6 da ke zuga maƙwabtansu masu makarɓi na asali, har ƴan tsiraru su ja ragamar dukan ƙarin.

Akwai sauran hanyoyi. Wasu ƙwayoyin ƙari suna ƙera PDGF da makarɓinsa lokaci guda, su aika wa kansu saƙo su karɓa. Umarnin PDGFRA yana ninkuwa a kusan kashi 13 cikin 100 na giliyobilastoma na manya, MET a kusan kashi 4. Wani lokaci kuromozom kan karye ya ɗinke ba daidai ba, umarni biyu su haɗe su haifi furotin mai kai biyu. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka gano irin wannan haɗe tsakanin FGFR3 da TACC3 a kusan kashi 3 cikin 100 na giliyobilastoma. Sai kuma ɓarnar da ke can ƙasan hanya: umarnin PTEN, wanda aka gano a 1997, yana kan kuromozom na 10, kuma ɓatan kwafin wannan kuromozom tare da ƙarin kwafin na 7 yana cikin abubuwan da suka fi maimaituwa a wannan cuta. Da babban shirin tantance umarnan gadon sankara na Amurka, TCGA, ya fitar da rahotonsa na farko a 2008, giliyobilastoma ya fara dubawa, ya kuma tarar cewa a kashi 88 cikin 100 akwai lahani a wani wuri na layin da ya tashi daga makarɓi zuwa RAS da PI3K. Abin lura shi ne RAS kansa, wanda ke yawan lalacewa a sankarar hanji da ta huhu, ba safai yake lalacewa a nan ba. Ɓarnar tana samansa ne ko a gefensa.

VEGF na buƙatar bayani na musamman, domin shi ne ke haifar da mafi yawan abin da majinyaci ke ji a jikinsa da abin da likita ke gani a hoto. Ƙarin da ke girma da sauri yakan fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi, tsakiyarsa ta rasa iskar oksijin ta mutu. Ƙwayoyin da ke gefen mataccen wurin sai su riƙa fitar da VEGF, saƙon EGFR ma yana ƙara ingiza su. Makarɓin VEGF yana jikin jijiyoyin jini, kuma da saƙon ya isa sai su yi ta tsiro barkatai. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin abin ƙarara: mataccen fili mai launin hoda a tsakiya, ƙwayoyi sun jeru a bakinsa kafaɗa da kafaɗa, can gefe kuma ga ƙananan jijiyoyin jini sun cukurkuɗe sun yi dunƙule-dunƙule. Waɗannan sababbin jijiyoyi suna yoyo. A 1983, kafin Napoleone Ferrara ya ware VEGF ya raɗa masa suna a 1989, an fara saninsa ne a matsayin sinadarin da ke sa jijiyar jini yoyo. Ruwan da ke tsiyaya yana kumbura ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗewa, daga nan ciwon kan asuba yake fitowa, da amai, da dishi-dishin gani, da yawan barci. Ruwan allurar da ake yi kafin ɗaukar hoton sikana ko IRM ma ta nan yake fita, shi ya sa ƙarin ke bayyana kamar zobe mai haske da duhu a tsakiya. Maganin dekzametazon da ake bayarwa tun ranar farko yana rage wannan yoyo ne. Majinyacin da aka kawo ranga-ranga yana iya tashi ya yi magana bayan kwana biyu, amma ƙarin yana nan yadda yake.

Inda wannan ilimi ya fi yin tasiri a kan manya shi ne wajen sanya wa cuta suna. A tsarin rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, giliyoma na baligi mai kutsawa cikin nama wanda umarninsa na IDH bai sauya ba, idan aka same shi da ninkuwar EGFR, ko ƙarin kuromozom na 7 tare da ɓatan na 10, ko sauyi a makunnin umarnin TERT, giliyobilastoma ne ko da kamanninsa a madubi na mai sauƙi ne. Ma'anar wannan ga majinyaci babba ce. Ƙari biyu masu kama ɗaya a ido, ɗaya na iya barin mutum shekaru masu yawa, ɗayan kuma sai an gaggauta masa gashi, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi, da magani.

Wajen magani kuwa labarin giliyobilastoma mai ɗaci ne, kuma bai kamata a sassauta shi ba. A 2001 imatinib, maganin haɗiya mai toshe kinas, ya sauya rayuwar masu wata sankarar jini. A 2004 aka gano cewa masu sankarar huhu da EGFR ɗinsu ya sauya suna samun sauƙi mai ban mamaki da gefitinib. Kowa ya ɗauka giliyobilastoma ne na gaba, tunda babu sankarar da EGFR ya fi bayyana a cikinta. Aka gwada gefitinib, aka gwada erlotinib, aka gwada imatinib saboda yana toshe PDGFR, aka gwada masu toshe mTOR. Babu wanda ya tsawaita rai a manyan gwaje-gwaje.

Dalilan sun fito ɗaya bayan ɗaya. Na farko shinge ne da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a liƙe suke gam, kuma suna da furotin masu tunkuɗo baƙon sinadari su mayar da shi cikin jini. A tsakiyar ƙari shingen ya ɓalle, amma ƙwayoyin da suka kutsa santimita da dama cikin lafiyayyen nama, waɗanda wuƙar likita ba ta kai gare su kuma daga gare su cutar ke dawowa, suna bayan shinge mai ƙwari. Na biyu, lahanin EGFR na huhu yana cikin kinas ne, na ƙwaƙwalwa kuma yana kan makarɓin a waje, saboda haka siffar da magungunan huhu ke kamawa ba ita ce ta nan ba. Na uku, idan PTEN ya ɓace, hanyar AKT na ci gaba da aiki ko an toshe makarɓin da ke samanta. Na huɗu, makarɓa da dama ne ke kunne lokaci guda, a toshe EGFR sai MET ko PDGFR su ɗauki nauyin.

Dalili na biyar ya fi sauran zurfi. A 2011 aka rina yankan giliyobilastoma da launuka masu ƙyalli, kowane umarni da launinsa, sai aka ga a cikin ƙari ɗaya wannan ƙwaya ta ninka EGFR, ta kusa da ita ta ninka PDGFRA, wata can ta ninka MET, duk daga uwa ɗaya. A 2014 kuma aka nuna cewa idan aka ba da mai toshe EGFR, zobban DNA masu ɗauke da EGFRvIII kan ɓace daga ƙarin, da an janye maganin su dawo. Ashe ƙarin ba jama'a ɗaya ba ce. Magani ya kashe ɓangaren da ya dace da shi, sauran su cike gurbin.

Wannan ne ya kayar da allurar rindopepimut, wadda aka tsara don koya wa garkuwar jiki gane EGFRvIII. Tunanin mai kyau ne, tunda babu lafiyayyar ƙwaya mai wannan furotin. Amma gwajin da aka yi da mutum 745, wanda aka wallafa a 2017, bai nuna wani bambanci ba, kuma a fiye da rabin ƙarin da suka dawo aka sake dubawa EGFRvIII ya ɓace, ko an yi allurar ko ba a yi ba. A 2019 aka dakatar da gwajin wani furotin na garkuwa mai kama EGFR da aka ɗaura wa guba. A 2024 likitoci a Bostan suka ba da rahoton mutum 3 da aka zuba wa ƙwayoyin garkuwarsu da aka sarrafa kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa: ƙarin ya motse cikin kwanaki, amma ya dawo a biyu daga cikinsu. Har yau ginshiƙin jinya shi ne wanda Roger Stupp da abokan aikinsa suka tabbatar a 2005 da mutum 573: tiyata, gashi sau 30 cikin mako 6, da temozolomid. Ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 12.1 zuwa 14.6, masu kai shekara biyu kuma daga kashi 10 zuwa 26 cikin 100. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya nufi makarɓi.

Bebasizumab, wanda ake sayarwa da sunan Avastin, yana kama VEGF kafin ya isa makarɓinsa. Amurka ta amince da shi a 2009 ga cutar da ta dawo, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai kuwa ta ƙi. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2014 sun nuna yana jinkirta bayyanar cutar a hoto da wasu watanni, amma a ɗayansu tsawon rai wata 16.8 ne da shi, 16.7 ba shi. Yana toshe yoyo, kumburi ya sauka, zoben ya dushe a hoto, ƙwayoyin kuma suna ci gaba da kutsawa. Yana da amfani na gaske ga wanda kumburi ya kwantar kuma dekzametazon ya fara yi masa illa, yana kuma iya jawo hawan jini, zubar jini da jinkirin warkewar ɗinki. Haƙƙin iyali ne a faɗa musu wannan filla-filla kafin su sayar da fili ko garke don saye.

A wajen yara al'amarin ya sha bamban, kuma nan ne ilimin ya biya. Giliyoma mai sauƙi shi ne ƙarin ƙwaƙwalwa da ya fi yawa a yara, kuma galibi lahani guda ne tak ke tuƙa shi, a kan hanyar RAS zuwa ERK. A 2008 aka gano cewa yawancin nau'in da ake kira filositik, musamman na ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, suna da haɗe tsakanin BRAF, wani nau'in RAF, da KIAA1549. Wasu kuma sauyin tubali guda ne a BRAF, mai lamba V600E. Idan tiyata ta cire ƙarin duka yawancin yaran sun warke ke nan. Ga wanda ƙarinsa ke wurin da wuƙa ba ta shiga, gwaji da yara 110 masu V600E ya nuna haɗin dabrafenib da trametinib ya motsar da ƙarin a kashi 47 cikin 100, tsohon maganin sankara na ƙarin ruwa kuma a kashi 11. Amurka ta amince da haɗin a Maris 2023, ta kuma amince da toborafenib a Afrilu 2024 ga masu haɗen BRAF. Bambanta nau'ukan biyu wajibi ne, domin tsofaffin masu toshe RAF suna iya ƙara wa mai haɗen gudu: an dakatar da wani gwajin sorafenib a yara saboda ƙarin ya riƙa girma da sauri. A jarirai kuma akwai giliyoma masu haɗen makarɓan ALK, ROS1 ko NTRK, kowanne da maganin da ya nufe shi.

Cututtukan gado biyu suna nuna wannan tsari a fatar mutum, inda ido zai gani ba tare da na'ura ba. Wanda aka haifa da lahani a NF1, kusan mutum 1 cikin 3,000, yana da tabo shida ko fiye masu duhun da ya ɗara na fatarsa, daga baya ƙulle-ƙulle masu laushi su fito masa. Kusan kashi 15 cikin 100 na irin waɗannan yara suna samun giliyoma a jijiyar gani, shi ya sa ake so a riƙa duba idonsu tun suna ƙanana. Ɗaya cutar tana zuwa da farfaɗiya tun jarunta, da fararen tabo, da ƙananan ƙuraje a gefen hanci. A cikinta mTOR ne ya rasa mai tsawata masa, kuma ƙarin da take haifarwa kusa da magudanar ruwan ƙwaƙwalwa yana motsewa da eberolimus, wanda aka amince da shi don haka a 2010.

Ƙarin da ya taso daga wata gaɓa ya yi ƙaura zuwa ƙwaƙwalwa ya fi na asalinta yawa a tsakanin manya, kuma yana tafiya da makarɓinsa. Sankarar mama, wadda ita ce kan gaba a tsakanin matan Nijar, tana ninka HER2, ɗan'uwan EGFR, a kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma wannan nau'i yana yawan hawa kai. A nan magungunan da ke ƙetare shinge, kamar tukatinib ga HER2 da osimertinib ga sankarar huhu mai sauyin EGFR, suna aiki a cikin ƙwaƙwalwa sosai. Wannan ya nuna shingen ba shi kaɗai ne matsalar giliyobilastoma ba.

A Yamai, tafiyar mai ƙarin ƙwaƙwalwa daga unguwa irin Banifandu takan fara ne daga gidan likita na kusa ko teburin mai sayar da magani, da ciwon kai da amai waɗanda suka yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini. Idan jijjiga ce ta fara, ko sauyin hali, ko ruɗewar magana, gidaje da yawa kan fara da tofi, rubutu da ruƙiyya, a ce iska ce ta taɓa shi. Alamomin da ya kamata su kai mutum ɗaukar hoto ba su da wuyar riƙewa: farfaɗiyar da ta fara bayan an girma, ciwon kai mai ƙaruwa mako bayan mako wanda ya fi tsanani da asuba, shanyewar ɓarin jiki a hankali, da yaron da ke amai da safe yana tangaɗi ko kansa na girma. Ana yin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa na Yamai, ga kuma Babban Asibitin Refarans da aka ƙaddamar a 2016. A Maris 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar, a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan duk mai buƙatar gashi sai ya ƙetare iyaka. Rajistar sankara ta Nijar, wadda ke aiki tun 1992 a ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, tana ƙirga waɗanda suka iso har aka gane cutarsu ne, wanda ya rasu a gida da sunan hawan jini ko iska ba ya shiga lissafi.

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Giliyobilastoma cutar tsufa ce, giliyoma mai lahanin BRAF kuma ta ƙuruciya, saboda haka ɓangaren wannan ilimi da ya fi yin nasara shi ne ya fi dacewa da ƙasar. Kuma gwaje-gwajen farko ba sa buƙatar na'urar karanta DNA. Sauyin IDH1 da ya fi yawa, da BRAF V600E, da HER2, duk ana gane su da rini na musamman a kan yankan nama, a duba da madubin da kowane ɗakin binciken nama ke da shi. Ninkuwar EGFR da haɗen BRAF ne ke buƙatar rini mai ƙyalli ko karatun DNA, kuma waɗannan ana iya aika samfuri a yi su a wani wuri.

Duk wannan ya rataya ne a kan yadda aka kula da naman tun daga ɗakin tiyata. Ana so a tsoma shi cikin formol mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka girman naman sau goma, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, sannan a daskarar da shi cikin kakin farafin. Naman da ya bushe a zafin watan Afrilu, ko ya kwashe makonni a kwalba a hannun ƴan'uwa kafin a haɗa kuɗin bincike, furotin da DNA ɗinsa sun lalace, rini na iya ba da amsar ƙarya. Dunƙulen farafin da aka yi da kyau yana ajiyuwa shekaru ba tare da firji ba, ana iya sake yankarsa idan sabon gwaji ya samu, kuma majinyacin da za a fitar Maroko, Tunisiya ko Indiya yana iya tafiya da shi tare da hotunansa, a yi gwajin can ba tare da an sake buɗe masa kai ba.